Dakta Hajjo Sirajo da Kangayen Yorkshire

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Maris, 2017, Allah Ya karɓi ran Dakta Hajjo Sirajo a wani asibiti da ke nan Kuala Lumpur, bayan jinyar da ta kwantar da ita tun ƙarshen bara. Ta rasu tana gab da cika shekara hamsin. Ta bar 'ya ɗaya, Bilqis, da tsohuwar mahaifiyarta a Haɗeja, da ƙanne maza da mata. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa kowannenmu ya dosa.

Anti Hajjo, da farko ban yi niyyar rubuta komai ba. Ni ba marubuciya ba ce, kuma kin san halina, idan abu ya cika min ciki shiru nake yi. Amma tun da aka binne ki, duk sanda na ɗauki waya sai na ci karo da hotonki, ga dogayen rubuce-rubuce a ƙarƙashinsa, ana ce miki uwa, ana ce miki fitila, ana ce miki abin alfaharin Arewa. Ina duba sunayen masu rubutun, alhali na san abin da bakin kowannensu ya faɗa a kanki kina raye. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani da idona, kada a wayi gari babu abin da aka sani a kanki sai abin da waɗannan mutane suka ga damar faɗa.

Na san ki a shekarar 2013, lokacin da na biyo maigidana Aliyu, wanda ya samu tallafin karatun digiri na uku. Na sauka da tsohon ciki, ban san kowa ba, gidan da aka yi mana alkawari kuma ya zama ba na gaskiya ba. Wani ɗalibi ya ce da Aliyu, "Ku tafi gidan Dakta a Bukit Jalil, can kowa yake fara sauka." Muka hau hawa na sha biyu da akwatunanmu, kika buɗe ƙofa da ludayi a hannu, kika dubi cikina kafin ki dubi fuskata, kika ce, "Shigo ki zauna tukuna, gaisuwa ba gudu za ta yi ba." Kika fitar da Bilqis daga ɗakinta kika ba mu. A lokacin kina koyar da tarihi a wata jami'a mai zaman kanta da ke unguwar, mijinki ya daɗe da rasuwa, daga ke sai 'yarki.

Ke kika koya min hawan LRT, jirgin ƙasa na cikin gari. Ke kika kai ni kasuwar titin Jalan Masjid India na sayi abayar da za ta ɗauki cikina, kika nuna min shagon Alhaji Mika'ilu, Bakanon da ke sayar da yadi a can tun kafin a fara turo ɗalibai. Ke kika gano cewa Indiyawan unguwar Brickfields suna sayar da gero da tsamiya, kika riƙa ɗauko su a jaka kina raba wa mata. Da na haifi Rayyan, uwata tana Gusau ba ta samu biza ba, ke kika yi min wankan jego. Kina tashi ki ɗora ruwa, ki dama kunun kanwa da kanwar da kika zo da ita daga gida, sannan ki saka takalmi ki tafi aji. Ba ni kaɗai kika yi wa haka ba. Duk wadda ta haihu a benen nan a shekarun nan ta sha kununki, kuma ta san ta sha.

A bangon falonki akwai hotuna na wasu manyan gine-ginen dutse marasa rufi, ciyawa shar ta fito a tsakar ɗakunansu. Wata rana ina shayar da Rayyan na tambaye ki ko yaƙi ne ya cinye garin. Kika yi dariya kika ce ba gari ba ne, gidajen ruhubanawa ne, wato maza da matan Kirista na zamanin da, waɗanda suka bar aure da dukiya suka killace kansu don ibada. Kika ce duk suna wani yanki na arewacin Ingila da ake kira Yorkshire, kuma a kansu kika yi digirinki na uku. Na yi mamaki, na ce, "Anti, duk tarihin da ke duniya?"

Sai kika ba ni labarin kakarki Ɗelu. Kakanki yana da zawiyya a Haɗeja, baƙi ba sa yankewa, masu zikiri da matafiya da marasa lafiya. Kowa yana maganar Malam, amma ke kin tashi ne a gindin murhun Ɗelu, kina ganin yadda take lissafin hatsin da zai kai su kaka, da wanda za a ciyar, da inda za a kwantar da mai ciwo. Tun kina yarinya tambayarki ita ce, idan mutane suka taru don Allah, wa yake ciyar da su, kuma me yake wargaza su? Da kika samu gurbin karatu a Ingila, wani malaminku ya kai ku ziyara ɗaya daga cikin kangayen nan. Kowa yana kallon tsayin ginin, ke kuma kika tambayi ina madafa take. Daga nan aikin ya fara.

Babu wanda ya zauna da ke bai ji labarin wuraren nan ba, kuma ba ka gajiya da ji, don kina bayar da shi ne kamar labarin maƙwabta. Akwai Fountains, wanda wasu ruhubanawa 'yan kaɗan suka kafa bayan sun yi fushi da sakacin gidansu na birnin York, suka fita cikin tsananin sanyi suka fake a gindin bishiya. Kika ce a zamanin ne masu tarihi ke cewa ake fara ɗora ganuwar Kano. Waɗanda suka gaji waɗannan masu gudun duniya, in ji ki, su ne suka zama manyan masu tumaki, gashin tumakinsu har ƙetare ake kai shi. Akwai Rievaulx, wanda kika ce an cika masa haruffa a takarda amma a baki Ribo ne kawai. Akwai Whitby a kan dutse a bakin teku, inda wata mata mai suna Hilda ta shugabanci maza da mata tun zamanin halifancin Sayyidina Ali, sarakuna suna zuwa neman shawararta. Akwai wani babban gidan jinya a York da ke kwantar da marasa lafiya, yana kuma raba abinci a ƙofa.

Amma zuciyarki ba a manyan take ba. Tana wurin ƙananan gidajen mata da ke lungunan ƙauye, waɗanda masu yawon buɗe ido ba sa zuwa. Kin fi yawan ambaton Marrick, a wani kwari mai suna Swaledale. Kin ce kin je shi a ƙafa cikin ruwan sama, kina jan Bilqis tana ƙarama, takalminki ya nutse a taɓo, wani makiyayi ya tsaya yana kallon mace da hijabi tana auna gindin bango da taku. Matan irin waɗannan gidaje talakawa ne. Rufinsu yana yoyo, manyan malaman coci suna zuwa su yi musu faɗa su tafi, amma a haka suke koyar da 'yan mata suna karɓar baƙi. Da sarkin Ingila ya rufe gidajen gaba ɗaya wajen shekara ɗari biyar da suka wuce, aka kwashe darmar rufin aka narkar, aka sallami matan. Wasu sun tsufa, ba su san wata rayuwa ba. Littafin da kike rubutawa a kansu ne: ina suka tafi, wa ya karɓe su.

Ban taɓa jin kin ruɗe a kan addininki ba. Kin sha faɗa a gabana cewa babu ruhubanci a Musulunci, kuma ba ki je can neman addini ba, da naki kika tafi da shi kika dawo. Malayawan ƙaramin masallacin unguwarmu, wanda suke kira surau, sun fi mu sanin wannan, don duk Asabar da Lahadi a sahun matansu kike sallar Asuba, kuma ke kike gyara wa tsofaffinsu karatun Alƙur'ani.

A shekarar 2015 matan ƙungiyarmu ta 'yan Najeriya suka roƙe ki ki yi magana a taron ta'alim na wata-wata. Su suka roƙe ki, ina wurin. Suka ce ki faɗa musu abin da kika karanta, don kowa Dakta yake ce miki amma ba a san ta mene ne ba. Kika zo da hotunanki. Kika yi maganar ciyarwa da jinya da saukar baƙo, kika kwatanta da zawiyoyinmu da wakafi, kika ce mu da aka umarta da waɗannan abubuwa mu ya fi kamata mu tsara su da kyau. Aka yi tambayoyi, aka sha zoɓo, aka watse lafiya. Cikin hotunan akwai wanda kika tsaya a ƙarƙashin wata doguwar taga a Ribo. Bashira, matar Ustaz Yahuza, ta ɗauke shi da wayarta.

Ustaz Yahuza ɗalibin digiri na uku ne, shi yake jan mu sallar Idi, shi ne kuma mai kula da zauren WhatsApp na ƙungiya. Shi da Bashira a falonki suka kwana makonni da suka fara zuwa ƙasar nan, kuma ke kika yi wa Bashira wankan jegon 'yarta ta fari. Washegarin taron hotonki ya bayyana a zauren, an yanke shi yadda ba a ganin ciyawa da rushewar ginin, sai taga irin ta coci da ke a tsaye. A ƙasa ya rubuta cewa yana jan hankalin 'yan'uwa, akwai wadda Turawan mishan suka ɗauki nauyin karatunta, ga shi ta fara kiran coci zawiyya a gaban matanmu, kowa ya kula da iyalinsa. Bai ambaci sunanki ba. Ya dai saka fuskarki.

Abin da ya biyo baya har yau idan na tuna sai in ji kamar in wanke bakina. Masu digiri biyu da uku, mutanen da gwamnati ta turo su koyi bincike, babu wanda ya tsaya ya tambaya. Kafin la'asar an ce an ga gicciye a ɗakinki. Kafin mako ya zagayo an ce Bilqis ba ta sallah, an ce mijinki ma a coci aka binne shi, mutumin da kabarinsa yake Haɗeja kusa da na mahaifinsa. Matan da suka zauna a taron, suka ji kowace kalma da kunnensu, suka tafa miki, su ne suka riƙa cewa dama tun a wurin jikinsu ya ba su. Na rubuta a zauren cewa ƙarya ce, Aliyu ya rubuta, Alhaji Mika'ilu ya aiko da saƙon murya yana faɗa. Aka goge namu, aka ce ba a son fitina.

Aka janye yara daga ajin Hausar da kike yi musu kyauta ranar Asabar, yaran da ba su iya gaida kakanninsu a waya ba sai da kika koya musu. Aka daina amsa sallamarki a lif. Da Babbar Sallah ta zo, lokacin da hayaƙin gobarar daji ya rufe garin nan har aka rufe makarantu, kika yi dambun nama kamar yadda kika saba, kika zuba a robobi, kika bi ƙofa-ƙofa da takunkumi a fuska kina tari. Da yamma na je zubar da shara a hawanmu na tarar da robobin a cikin kwandon, ko buɗe su ba a yi ba. Na tsaya a wurin ina kallonsu. Mutanen da suka ci tuwonki har suka yi ƙiba, yau abincinki ne ya zama najasa.

Ba su tsaya nan ba. Wani, wanda har yau bai da ƙarfin halin cewa shi ne, ya kai ƙara jami'arku cewa kina jan ɗalibai Musulmi zuwa wani addini. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san wannan zargi ba abin wasa ba ne, kuma wanda ya kai ƙarar ya sani. Aikinki da takardar zamanki da karatun Bilqis duk a kan layi ɗaya suke. Aka dakatar da ke daga aji, aka kafa kwamiti, aka saurari darussanki, aka tambayi ɗalibanki. Limamin surau ɗinmu da kansa ya saka hularsa ya je ya ba da shaida. Aka wanke ki, aka mayar da ke aji. A zaurenmu ko mutum ɗaya bai sanar ba.

Ina tare da ke ranar da kika haɗu da Ustaz Yahuza a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke ƙasan benenmu, inda muke sayen shayi da gurasarsu ta roti. Ya so ya kauce, kika yi masa sallama da ƙarfi yadda dole ya amsa.

Kika ce, "Malam Yahuza, ka zauna a gidana. Ka taɓa ganin na bar sallah?"

Ya ce, "Dakta, ni fa ban kama suna ba. Jan hankali kawai na yi."

Kika ce, "Da ka hau bene ka tambaye ni. Ka san ƙofar."

Ya ce al'amarin aƙida ba a yi masa kara, ya karɓi ledar abincinsa ya fita. Kika juyo kika tambaye ni ko Rayyan ya daina zawon haƙori.

Ciwon ya bayyana a ƙarshen 2016, ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa kafin a gano. Ba zan ce baƙin ciki ne ya kawo shi ba, rai da ajali na Allah ne. Abin da zan ce shi ne kin yi jinya a garin da 'yan ƙasarki suka fi ɗari, amma masu zuwa duba ki ba su cika benci ɗaya ba. Kak Zaiton, maƙwabciyarki Bamalayiya, ita take dafa miki fate-faten shinkafa ta kawo a kula, ta zauna tana matsa miki ƙafa tana cewa, "Makan, Hajjo, makan lah," wato ki daure ki ci, kina ci don kada ranta ya ɓaci. Alhaji Mika'ilu yana rufe shago ya hau jirgi ya zo da ’ya’yan itace, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi addu'a. Ɗalibanki suna zuwa rukuni-rukuni, 'yan China da Indiyawa da Larabawa. Wata rana nas ta tambaye ni ko mu kaɗai ne 'yan Najeriya a Kuala Lumpur.

Ko a gadon asibiti ba ki bar matan Marrick ba. Idan ciwon ya lafa sai ki sa Bilqis ta buɗe kwamfuta, kina faɗa tana rubutawa. Kin ce kin gano wasu daga cikin matan irin waɗannan gidaje, bayan an kore su, sun koma sun haɗu su biyu su uku a gida ɗaya, suka ci gaba da zama tare har mutuwa ta raba su, kuma wannan babin kike so ki gama. Ba ki gama shi ba.

Ranar Talatar, ni da Bilqis da Kak Zaiton muna kanki. Da rai ya yi halinsa, na fita baranda na rubuta a zauren ƙungiya cewa Allah Ya yi wa Dakta rasuwa, ana neman mata don wanka da maza don sallah. Ina kallo ana karantawa, sunaye suna ta jeruwa, babu amsa. Can sai saƙon Ustaz Yahuza ya shigo. Ga abin da ya rubuta, ban ƙara ba ban rage ba: "Allah Ya sa mu cika da imani. Amma kafin a tara jama'a, shin an tabbatar da a kan me ta cika?"

Gawarki ko sanyi ba ta yi ba. 'Yarki tana cikin zauren nan, da wayarki a hannunta. Wasu har suka saka masa alamar yabo.

To ku 'yan zauren, bari in amsa muku a nan, tunda a can an rufe bakin kowa. Ta cika ne da kalmar shahada. Ta faɗe ta da bakinta, ta maimaita, muryarta tana ƙasa-ƙasa har ta ɗauke, kunnena yana kusa da leɓenta. Ba don kun cancanci sani na faɗa ba. Na faɗa ne don mahaifiyarta, kada wata rana wannan ƙazamar tambaya ta isa Haɗeja ba tare da amsarta ba.

Matan surau ne suka wanke ki, ni ina zuba ruwa. Tsofaffin da kike gyara wa karatu suka naɗe hannun riga, suna yi suna hawaye suna salati. Alhaji Mika'ilu ya yanko likkafani daga shagonsa. Bayan Azahar aka yi miki sallah, masallacin ya cika har waje da Malayawa da 'yan Bangladesh masu gadi da share-share a benenmu, waɗanda kike aika wa abinci da azumi. Aliyu ya ce da ya waiga ya duba sahu, 'yan gida ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Aka kai ki maƙabartar Musulmi aka rufe, ƙasar jikakkiya da ruwan daren jiya.

Kwana biyu bayan nan jami'ar da kika yi karatu a Ingila ta fitar da sanarwar rasuwarki, tana yabon aikinki. Wata jarida a gida ta ɗauka ta buga da hotonki. Nan take iska ta juya. Zauren da ya yi tsit ranar wanka ya cika da kuka. Ustaz Yahuza ya rubuta shafi guda a Fesbuk, ya ce ya yi rashin uwa, ya ce a gidanki ya fara sauka a ƙasar nan, wanda gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi komai ƙona min rai. Ƙungiya ta sanar da za ta kafa lambar yabo da sunanki. Aka koma aka goge tambayar, kamar ba mu da idanu.

Ranar sadakar uku suka zo gidanki, sun sha shadda da turare. Suka cika falon da suka ƙaurace wa fiye da shekara. Bashira ta rungume Bilqis tana kuka mai sauti. Aka zuba shinkafar da Kak Zaiton ta dafa, suka ci suka ƙara, suna zaune a ƙarƙashin hotunan nan na bango, har wani yana nuna Ribo yana yi wa na kusa da shi bayani. Da aka shafa fatiha Ustaz Yahuza ya miƙe ya ce a zo a yi hoto da marainiya don a saka a sanarwar lambar yabo.

Kin san Bilqis, shekararta sha shida, a Ingila da nan ta tashi, idan aka yi mata Hausa da Turanci ko Malayanci take amsawa. Ranar da Hausa ta yi magana, a hankali, tana zaɓar kalmomi.

Ta ce, "Kawu Yahuza, ka samu amsar tambayarka?"

Ya ce, "Wace tambaya, 'yata?"

Ta ce, "Wadda ka yi ranar da Mama ta rasu. Na karanta. Ina riƙe da hannunta na karanta."

Na ɗauka wani zai sunkuyar da kai, ko ya tashi ya fita, ko ya ce a yafe masa. Ustaz Yahuza ya yi murmushi ya dubi maza ya ce yarinya ce, zafin rashi ne, a yi mata uzuri. Mai ɗaukar hoto ya ɗaga waya. Bilqis ta ɗaga tafin hannu ta ce, "Tak boleh," wato ba zai yiwu ba, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Ba a yi minti ɗaya ba na ji cokula sun ci gaba da ƙara a faranti. Suka cinye, suka yi hoton su kaɗai a gaban bangonki, wasu har da ƙunshe ragowar a leda.

Anti Hajjo, akwai saƙon da kika ba ni a makonki na ƙarshe. Kin kama hannuna kika ce, "Murja, idan na tafi ki gaya musu na yafe. Yahuza da matarsa da wanda ya kai ƙara da sauran duka. Ba na son in tsaya da kowa a gaban Allah, tsayuwar kaina ma ta ishe ni." Na ce miki to. Ban faɗa ranar wanka ba, ban faɗa ranar uku ba, don na kasa haɗa ido da su in miƙa musu abu mai tsada haka. Amma amana ce, kuma ba tawa ba ce. Ku 'yan zaure, ga shi na isar. Ta yafe muku. Wannan tsakaninku da ita ne. Ni dai na fita daga zaurenku, kuma kada wanda ya turo min takardar gayyatar bikin lambar yabo.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Habiba, mahaifiyarki, wadda ta binne miji ta binne suruki, yanzu kuma aka binne mata 'ya a ƙasar da ba za ta iya zuwa ta ga kabarin ba. Hajiya, 'yarki ta samu wanka mai kyau da sallah mai yawan jama'a, ki kwantar da hankalinki. Ina yi wa ƙaninki Malam Kalilu ta'aziyya, wanda ya zo ya tafi da Bilqis gida, da sauran dangi na Haɗeja da Kano. Ina yi wa Kak Zaiton da matan surau, da Alhaji Mika'ilu, da ɗalibanki. Bilqis, Allah Ya raya ki, Ya zama gatanki, Ya ba ki ikon kai littafin mahaifiyarki inda ta so ya kai.

Ya Allah, ga baiwarKa Hajjo 'yar Sirajo ta zo gare Ka, Kai ne Ka fi kowa sanin abin da ke zuciyarta. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi. Ka saka mata da kowane baƙo da ta saukar, da kowace mai jego da ta dafa wa ruwa, da kowane harafi da ta koyar. Yadda ta yafe wa bayinKa alhali tana da ikon riƙewa, Ka yafe mata, Ka sada ta da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kuma da muka rage, Ka tsare harsunanmu daga naman bayinKa, rayayyu da matattu, Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.

Murja Abdulrahman
Bukit Jalil, Kuala Lumpur